Fitilar mota ta dushe: a goge ta a gida, a kai wa mai fenti, ko a sayo wata a Magazin?

Kowace dabara ta gyaran fitilar mota tana burgewa a ranar farko. Man goge baki yana sa ta ƙyalli, man birki ma haka, ko fiya wata, ruwan leda, ka watsa mata za ta yi garau kafin ruwan ya bushe. Shi ya sa gardamar ba ta ƙarewa tsakanin direbobin Aboabo da Asawase, kowa ya ga tasa ta yi aiki da idonsa. Inda suke rabuwa shi ne bayan wata uku a ƙarƙashin ranar Kumasi, kuma a can ne ya kamata mai mota ya kafa ido kafin ya fitar da kuɗinsa.

Tsofaffin motoci, irin Benz 207 da aka daɗe ana trotro, wato hayar fasinja, da su, gilashi ne a fuskar fitilarsu. Gilashi yana fashewa, amma ba ya yin rawaya. Daga shekarun 1980 kamfanoni suka fara komawa ga wata roba mai tauri, folikabonet, wadda aka gano a 1953 a kamfanin Bayer na Jamus da General Electric na Amurka kusan lokaci guda. Ba ta da nauyi, tsakuwa ba ta fasa ta da wuri, ana kuma iya yi mata kowace siffa. Rauninta biyu ne, tana saurin karcewa, kuma hasken UV da ke cikin rana yana lalata ta. Saboda haka tun a masana'anta ake lulluɓe ta da wani siririn rufi mai tauri da ke tare mata wannan haske. Rufin nan ne ke fara mutuwa. Rana ta ci shi, ƙurar hunturu ta kankare shi, omo da tsumma mai yashi a wurin wanki su ƙarasa shi. Daga nan sai robar kanta ta fara ƙonewa, ta yi rawaya, ta yi kaushi, ta rufe kamar idon da yana ta ci. Corolla da Camry da Elantra da ake shigowa da su ta Tema kuwa, yawancinsu sun riga sun sha ranar wata ƙasa na shekaru kafin su iso hannunmu.

Ba maganar kyan mota ba ce kaɗai. A 2018 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta auna fitilun da suka dushe, ta samu cewa a dim kashi 22 cikin 100 kawai suke bayarwa na hasken sabuwar fitila. Gogewa, ko a gida ko a wurin ƙwararre, ta mayar da hasken zuwa kimanin kashi 70. Sabuwar fitila ta kasuwa ta kai kashi 83 zuwa 90, ta asali daga kamfanin motar ce kaɗai ta cika 100. Wanda ke bin hanyar Offinso zuwa Techiman da dare, inda tirela kan lalace a tsakiyar titi da ganye kawai a bayanta, ga pragya, babur mai ƙafa uku, marar fitilar baya, ga mai keke sanye da baƙin kaya, ya san abin da ke tsakanin 22 da 70. Alƙaluman nan sun kuma nuna iyakar abin, gogewa komai kyanta ba ta mayar da tsohuwa sabuwa.

Kafin ka sayi komai, gano inda ciwon yake. Wanke fitilar da sabulu, ka watsa mata ruwa mai tsabta, ka duba tana jiƙe. In ta washe har kana ganin ƙwan da madubin ciki tar, matsalar a waje take, kuma ta gyaru a gida. Shafa da farce, za ka ji kaushi, wani wurin ma ka ga gefen tsohon rufin yana ɓarewa. In kuwa ruwa bai canza komai ba, sai ka matso da ido. Ɗigon ruwa ko gumi daga ciki yana nufin gam ɗin da ya haɗa fuskar da jikin ya saki, ko murfin baya ya faɗi. Madubin ciki da ya yi baƙi ko toka-toka a saman ƙwai ya ƙone. Ƙananan tsagu masu walƙiya a cikin naman robar, waɗanda farce ba ya ji, sun yi zurfin da samfefa ba za ta kai ba. Waɗannan ukun ba aikin gogewa ba ne, ko ka kwana kana yi. Ka kuma ƙwanƙwasa da makulli. In ƙarar gilashi ka ji, ajiye samfefa, wanki kawai take so. Ta roba galibi za ka ga an buga mata haruffan PC, wato folikabonet, a wani lungu.

Mu fara da mafi araha. Man goge baki, fari na gargajiya ba mai santsi kamar jeli ba, yana da ɗan gari mai laushi a ciki wanda ke goge haƙori, shi ne kuma ke ɗan kankare saman robar. A fitilar da ta fara hazo kaɗan yana taimakawa na 'yan makonni. A wadda ta yi rawaya sosai, hannunka zai gaji kafin ya ratsa mataccen rufin, kuma ba ya barin wata kariya a baya. Hodar yin burodi da ruwan tsami da lemun tsami duk gidansu ɗaya, wanki ne mai ɗan ƙarfi. Ban ga laifin wanda tafiyar dare ta kama shi zuwa Tamale ba shiri ya yi wannan ba. Amma kada ya ce ya gyara fitila.

Sai waɗanda nake roƙon a bari gaba ɗaya. Man inji da WD-40 suna cike ƙananan ramukan ne kawai, ruwan sama ɗaya ya wanke su, kafin nan kuma sun tara ƙura. Man birki ya fi muni, yana cin fentin mota, in ya gangaro kan bamba sai ka ga tabo. Maganin sauro na shafawa mai sinadarin DEET narkar da roba yake yi, ƙyallin da ake gani narkewar ce, bayan kwanaki fuskar ta yi danƙo ta dushe fiye da da. Tina da fetur da asiton a tsumma suna iya sa folikabonet ta yi fari fat ko ta tsattsage nan take. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Gyara na gaskiya da samfefar ruwa yake farawa, kuma duk hanyoyin kirki ta nan suke bi, har da kwalayen da ake sayarwa da tsada. Abin da ake so shi ne a cire mataccen rufin duka, a sauko kan lafiyayyar roba. Kayan ba su da yawa. Samfefar ruwa lamba 600, 800, 1000, 1500, 2000, in an samu har 3000, duk akwai su wurin masu sayar da kayan fenti a Magazin, unguwar makanikai da kayan mota ta Kumasi. Sai tef na takarda, bokiti, ɗan sabulun ruwa, da tsumma mai laushi. Lambar tana ƙaruwa, kaushin yana raguwa. Fitilar da ta mutu sosai akan fara ta da 400, wadda ba ta yi nisa ba da 800.

Ka ajiye motar a inuwa, fitilar a sanyaye. Ɗaga bonet, ka zagaye fitilar da tef ninki biyu, musamman gefen bamba, don samfefa ba ta san fenti ba. Jiƙa takardun cikin bokiti kamar minti 10. Sannan ka fara gogewa a miƙe, hagu zuwa dama, ba zagaye ba, hannu ɗaya na gogewa ɗaya na zuba ruwa. Ruwan da zai fara gangarowa rawaya ne mai kauri, wannan shi ne tsohon rufin da ƙonanniyar roba. Kada ka canza takarda sai ruwan ya koma fari kamar madara ko'ina, har lunguna da gefen sama inda rana ta fi bugu. Share ka duba a bushe. Fuskar za ta yi fari dususu, ta fi yadda ka same ta muni, yara su taru suna cewa Baba ya ɓata mota. Haka ake so. Abin dubawa shi ne farin ya zama bai ɗaya, in ka ga tsibiri mai sheƙi a tsakiya, tsohon rufi ne bai fita ba, koma masa. Da ka hau lamba ta gaba sai ka juya hannu, sama zuwa ƙasa, har layukan farko su ɓace duka. Da haka kake gane cewa kowace takarda ta share aikin wadda ta gabace ta. Rabin wahalar duka tana kan takardar farko, wanda ya yi gaggawa a nan zai ga karce a ƙarshe, kuma 2000 ba ta cire karcen 600. Masu sa faifai a injin huda suna saurin gamawa, sai dai zafi yana taruwa in aka daɗe wuri ɗaya, robar ta narke ta yi tabon da ba ya fita. Wanda bai saba ba, hannu ya fi masa.

Yanzu robar tsirara take, ba ta da ko ɗigon kariya. A nan hanya ta rabu, kuma a nan ne mafi yawan mutane ke asarar wahalarsu.

Hanya ta farko ita ce a ci gaba har 2000 ko 3000, a bi da man goge fentin mota har ta yi sheƙi, a shafa kakin mota, a tafi. Wannan shi ne abin da samari da yawa ke yi a wurin wanki da bakin titi, kuma a ranar babu wadda ta kai ta kyau. Amma kaki ba rufi ba ne, wanki kaɗan ya tafi. Cikin 'yan watanni rawaya ta dawo, wani lokaci da sauri fiye da na farko, tunda ɗan ragowar rufin da ke kare ta ma an cire. Ta dace da mai haƙurin sake shafawa duk wata, ko mai gareji da motarsa ba ta wuni a rana. Ga tasi da ke tsaye a Kejetia daga safe zuwa la'asar, ɓata lokaci ne.

Ta biyu ita ce kwalin gyaran fitila, irin na 3M, Meguiar's, Sylvania, Turtle Wax ko Cerakote. Abin da kake saya a ciki ba samfefa ba ne, ita kana da ita da araha. Ka juya kwalin ka karanta, in akwai mataki na ƙarshe na ruwan shafawa ko na fesawa mai tare UV, shi ne kuɗinka. In samfefa da man gogewa ne kawai, hanya ta farko ce aka sa mata kwali. Mai rufin yakan kai shekara ko fiye kafin a sake, ba ya buƙatar gwaninta, ba shi da haɗari sosai ga huhu. Ana shafa shi sau ɗaya a miƙe ba tare da komawa kan inda aka wuce ba, a bar shi ya bushe ba ruwa ba ƙura. Matsalarsa a nan ita ce samun na gaske, da kuma wanda ya daɗe a shago cikin zafi har ruwan ya daskare a ledarsa. Matsa ledar ka ji kafin ka biya. Ga mai motar gida da ke son gama komai a ƙofar gidansa ranar Lahadi, wannan nake ba shi shawara.

Ta uku ita ce kiliya mai hadna, wato fentin nan marar launi da masu fenti ke rufe mota da shi a ƙarshe, hadna kuma ita ce ruwan da ake haɗa masa don ya taurare. Ita ce mafi daɗewa, in an yi ta daidai tana shekaru. Shirinta ya bambanta, kuma nan ake yawan kuskure. Ba a kai wa 3000, ba a sa man gogewa, ba a sa kaki. Ana tsayawa a 600 ko 800, don kiliya tana son ɗan kaushin da za ta kama, ita ce za ta cike layukan fuskar ta washe. A goge da sifirit, a fesa shafi na farko siriri, don in aka jiƙa shi da yawa tinar da ke ciki tana iya tsattsaga robar, sannan a bi da biyu masu ɗan kauri. Ana samun ta a gwangwani mai maɓalli a gindi, wanda da zarar an fasa hadnar ciki sai a yi amfani da shi cikin kwana biyu ko ya daskare. Kada a ruɗe ta da kiliyar gwangwani ta yau da kullum marar hadna, wadda kan yi rawaya ko ta ɓare ta bar ka da aikin da ya fi na farko.

Sai dai ni ba na son a fesa ta a tsakar gida. Hadnar tana da sinadarin isosayanet mai jawo asma, takunkumin yadi ba ya tare shi, gidajenmu na zango kuma ɗaki na jikin ɗaki, ga yara ga masu girki. Ga yanayi ma, a damina laima tana sa kiliya ta yi hazo, a hunturu ƙura ta zauna a kanta tun tana ɗanya. Abin da ya fi shi ne a raba aikin. Ka yi gogewar a gida, inda wahalar take kuma inda mai aikin kuɗi ke yin gaggawa, ka kwance fitilun in za ka iya, ka kai su Magazin wurin mai fenti ranar da yake da motar da zai rufe. “Masta, in ka haɗa kiliya gobe, a taimaka a haɗa min da waɗannan.” Mai fentin da ya san aikinsa zai shafa da yatsa ya tambaye ka, “Maigida, da lamba nawa ka tsaya? Ba ka sa mata kaki ba ko?” In bai tambayi komai ba ya ɗauko bindigar fenti, karɓi kayanka. Ka kuma dubi aikinsa a jikin wata mota, in kiliyarsa tana fita da gurje-gurje ko tana zuba, a fitila wannan zai watsa haske ya shiga idon masu tahowa. Ga direban tasi, da mai zuwa Bolga ko Bawku da dare, wannan ce hanyar da ta cancanci wahalarta.

Akwai kofin tururi da ya cika TikTok, wanda ake zuba wani ruwa a ɗumama, tururin ya bi fuskar fitila ta washe a gaban idonka. Bidiyon ba ya nuna cewa sai an yi duk aikin samfefar tukuna. Tururin narkar da saman robar yake ya daidaita shi, narkewa kuwa ba sabon rufi ba ce, rana tana nan tana jira. Ruwan kansa mai narkar da roba ne, wani yana kama wuta, wani shaƙarsa guba ce. Na bar wa masu shi. Ledar kariya marar launi da ake mannawa bayan an goge fitila ta yi sheƙi ta fi shi hankali, tana tare rana da tsakuwa, in ka sami mai iya manna ta a fitila mai lanƙwasa ba kumfa. Baƙar leda ta ado dai rage haske take yi, ga kuma magana da 'yan sandan kula da hanya na MTTD.

Idan gwajin ruwa ya nuna ciwon na ciki ne, sai sayayya. Hom-yus, wato wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje, ta asali mai lafiya ta fi sabuwa marar suna, amma a Magazin ido ake sa wa. Fitilar da ke sheƙi fiye da shekarunta wataƙila an shafe ta ne don kasuwa, shafa ka ji ko da maiƙo. Duba kunnuwan da ake ɗaure ta da su ko an like, juya sukurorin saiti ka ga suna motsa madubi, leƙa ciki ka nemi layin da ruwa ya taɓa kwanciya. Sannan abin da ba a cika tambaya ba, daga wace ƙasa ta fito. Ghana ta koma tuƙi a hannun dama tun 4 ga Agusta 1974. Fitilar da aka yi wa titin Ingila ko Japan tana ɗaga haskenta ta hagu, wato a nan kai tsaye cikin idon mai tahowa, gefen titinka kuma inda mutane ke tafiya ya zauna a duhu. Sa a haɗa mata batir a haska bango a dim, layin hasken ya kwanta a hagu, in zai ɗaga ya ɗaga ta dama. Masu motocin da aka juya wa sitiyari su ma su yi wannan gwajin, don sau da yawa sitiyarin kawai aka mayar, fitilun suna nan yadda suka zo. A sababbi na kasuwa, Depo da TYC na Taiwan sanannun suna ne. Akwai kuma masu canza fuskar kaɗai, su ɗumama gam su ɓare tsohuwar su sa sabuwa. Yana da araha in madubin ciki lafiya lau ne, amma duk aikin yana kan yadda aka sake like ta, in an yi sakaci ruwan Yuni na farko zai shiga.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a bar fuskar a dushe a ƙara ƙarfin ƙwai. Ƙwan H4 na ƙa'ida wat 60 ne a ful, 55 a dim. Mai wat 100 yana ƙona madubi da soket, ya mayar da fitilar da za ta gyaru da samfefa ta zama ta zubarwa. Ƙwan LED a cikin fitilar da aka ƙera don halojin, bayan fuska mai hazo, haske ne mai yawa da ba ya zuwa ko'ina sai idon jama'a. Jera ƙarin fitilu a gaban mota ma dokar hanya ta 2012, LI 2180, ta yi masa iyaka, an kuma sha ciccire su a hanya. Motar haya da ke zuwa DVLA, hukumar lasisin motoci, a duba lafiyarta duk wata shida ta fi kowa buƙatar a gyara abin daga tushe.

Ko wace hanya ka bi, in an kwance fitila an mayar, saitinta ya motsa. Nemi fili mai daidai da bango, bayan magariba, tayoyi da iskarsu. Auna tsayin tsakiyar fitilar daga ƙasa, ka yi alama a bango da alli a wannan tsayin, ka ja motar baya mita 10 a miƙe. A jikin fitilu da yawa an buga 1.0% ko 1.2% kusa da saman, ma'anarsa layin dim ya sauka santimita 10 ko 12 ƙasa da alamarka. Rufe ɗaya da kwali ka saita ɗaya, kada ka rufe da tsumma a jikin fuskar, zafi yana taruwa. In kiliya aka fesa, a ba ta mako guda kafin a kai motar wanki, kuma a gaya wa yaron kada omo ya taɓa ta.